Ranar da Na Tashi Sama da Goron Neman Aure

Da ana goge rana ɗaya daga rayuwar mutum, da ranar neman auren ɗana Lawali zan goge. Ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ni na jawo wa kaina.

Shekaruna da yawa ina jan mota tsakanin Ƙaura da Shinkafi, kuma ƙafata ba ta son birki. Da motoci da 'yan kabu-kabu suka cika gari, sai mutanen wata unguwa suka tara ƙasa suka yi tudu a gaban firamarensu don direbobi su rage gudu. Ni kuwa sai na ɗauko diga na sare tudun wuri biyu, daidai faɗin tayoyina. In na zo sai in saita tayoyi a gurbin in wuce kamar babu komai. (Har wasu direbobi na koya wa, Allah Ya yafe mini.) Hedimastan makarantar, Malam Bello, ya taɓa tare ni ya yi mini magana. Na leƙo ta taga na ce, "Malam, kai da allo, ni da titi."

Ranar neman auren, a unguwar nan gidan yarinyar yake. Na ɗauko yayana Garba da limamin masallacinmu a gaba, huhun goro da dabino a baya. Da muka doso firamare Yaya Garba ya ce, "Kai, rage, akwai tudu." Na ce, "Yaya, wanga tudun nawa ne, ni na yi mishi ƙofa." Na ƙara wuta.

Ashe an cike gurbin da duwatsu da siminti.

Mota ta tashi sama. Kan Liman ya daki rufi, rawaninsa ya warware har cinya. But ɗin bayan motar ya buɗe, goro ya watsu a titi, babura suna bi ta kai. Ni da babbar riga na durƙusa ina tsinta, masu shayi suna ta dariya. Liman kuwa sai salati yake ta yi.

Muka isa gidan da ƙura har gira. Aka ce mu jira waliyyin yarinya, ƙanin mahaifinta. Sai ga Malam Bello ya shigo zaure. Ya dubi goron da ya ƙuje, ya dube ni.

"Alhaji, yau kuma ta wace ƙofa ka biyo?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce yaron ba shi da aibu, amma ba zai ba da 'yarsa gidan da ake wasa da ran 'ya'yan mutane ba, sai ya yi shawara.

Lawali ya kwana uku bai ɗaga ido ya dube ni ba. Na ce wallahi ba zan zama sanadin rasa matarsa ba. Na bi duk tudun da muka sare a hanyar, ina cikewa da hannuna da rana tsaka, direbobi suna wucewa suna kirana "Injiniya". Sai da Malam Bello ya gani da idonsa, sannan ya aiko a zo a sa rana.

Don Allah, in kun ga tudu a gaban makaranta, ku taka birki. Waɗanda suka tara ƙasar nan sun fi ku sanin abin da suke tsoro.