Rasuwar Kujerar Kusa da Taga

Da zuciya mai tafasa da baƙin ciki, ni mai zane na teburin ƙarshe, nake sanar da abokan aiki rasuwar kujerata ta hutawa, wadda na ƙera a kwamfuta don falon da za mu nuna wa mai gidan da ya ba mu aiki. Ta rasu jiya da hantsi tana da sati uku a duniya.

Marigayiya mai ladabi ce, inda ka ajiye ta nan za ka same ta. Maɓallan ado sittin da huɗu ne a bayanta, kowanne da hannuna na dasa shi. Idan na buɗe ta, fankar kwamfuta takan yi "fuuu" kamar mai hawan tudu, kuma wannan nishin ya fi mini kowace waƙa daɗi.

Ba ta yi jinya ba. Ƙanin matar oga ne ajalinta, wanda muke kira Na-Iya. Na fita shan ruwa, ya haye teburina, wai zai matsar da ita mita biyu zuwa taga. Ya rubuta dubu biyu, a zatonsa da milimita ake awo, alhali da mita muke aiki. Baiwar Allah ta keta bango ta yi tafiyar kilomita biyu cikin sararin da babu komai.

Jama'a su shaida, a lokacin tana da rai. Sunanta na nan a jerin gefen allo. Ka taɓa sunan, ka danna maɓalli ɗaya, allo ya kai ka inda take, ka mayar da lambar sifili, shi ke nan. Amma da ɗan gari akan ci gari, kuma shi bai taɓa tambayar kowa komai ba. Ya yi ta ja da hoton baya a allo har falon ya koma kamar ƙwayar gero, ya hango wani ɗigo can nesa, ya ce datti ne, alhali ita ce. Ya goge ta, ya adana, ya rufe. Tsofaffin kwafin ma ya share, wai suna cinye wuri.

Da na dawo sai ya ce, "Yaya, na ɗan gyara maka wajen, kada ka gode." Ban gode ba. Na tsane shi, kuma ina so a rubuta haka.

Ta bar teburin shayi, fitila mai haska wurin da babu kowa, da darduma da aka yanka daidai ƙafafunta.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe goma a ɗakin taro, gaban mai gidan, wanda saboda kujerar nan ya zaɓe mu. Oga ya ce in mutumin ya fasa, dole tebur ɗaya ya tashi, kuma ba wanda ya taɓa korar ƙanin matarsa ya koma gida lafiya. Tun da babu gawa, ni za a ɗauka. Masu ta'aziyya su taho da kwali babba, kayana suna da yawa.