Kan Lofen Kaka Ezra

"A'a, ɗan Gwaggo, ashe kana raye? An ce mini an ga mai kama da kai a gidan tarihi, cikin gilashi."

"Lafiyata ƙalau, 'yar Kawu. Ke ce dai na ga kin ƙara gajarta. Ko ƙasa ce ta fara karɓar kayanta?"

Haka Beryl Sugden da Norris Ackroyd suka gaisa ranar gasar shan lofe ta bana, a bayan mashayar Ogden, ƙarƙashin rumfar tamfol ɗin da aka koro mu tun da aka hana hayaƙi a cikin ɗaki. Ana yayyafi kamar kullum. Ni ke riƙe da agogon ƙungiyarmu ta masu shan lofe, kuma tun muna firamare nake shan bakin waɗannan biyun, ban taɓa ganin ranar da suka gaisa kamar mutanen kirki ba. Taubasai ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya, kuma dukansu sun haura saba'in.

Rigimarsu a kan lofen kakansu ce, marigayi Ezra. Irin namu ne, na farin ƙarfe, wanda ake murɗe kan katakon a cire a ɗaura wani. Ranar da aka binne tsohon, ana tsakiyar shan shayi, su biyun suka kai hannu kan lofen a tare. Wannan ya ja, waccan ta murɗa, sai abu ya rabu biyu. Norris ya tafi da sandar ƙarfen, Beryl ta jefa kan a jakarta. Shekara arba'in da wani abu ke nan, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya kwashi ɓangaren banza.

To bana Norris ya zo da sabon salo. Shi dama mai tara lofe ne, yana da kabad guda shaƙe da sanduna, kawuna kuwa sun fi ɗari, kuma ba ya taɓa su sai da farar safar hannu. Ya ce zai ba gidan tarihin garinmu kyautar su duka, yana so lofen Kaka ya zauna a tsakiya, cikakke. Beryl ta ce a kan gawarta. Lofen da ba a sha, in ji ta, ai an binne shi ke nan da ransa. Sai suka yanke a gaban kowa: wanda wutarsa ta riga mutuwa a gasa zai miƙa nasa rabin. Aka damƙa mini sandar a naɗe cikin fata mai laushi, kan kuma a cikin tsohon gwangwanin shayi, a rufe.

Dokar gasar ba ta da wuya. Taba iri ɗaya, awo ɗaya, ashana biyu da farko, daga nan ba a ƙara kunnawa. Wanda ya fi kowa daɗewa yana fitar da hayaƙi shi ne gwani. Ba a hana magana ba, amma mai hankali ba ya yin ta da yawa, don lofe ba ya jiran mai surutu.

Norris ya fito da wani kai mai sheƙi kamar an shafa masa zuma, ya ɗaura a sanda sabuwa fil. Beryl ta zaro nata lofen, wanda ta saya a kasuwar gwanjo, bakin duk shaidar haƙori.

"Wannan lofe ne ko karenki ne ya gama da shi?"

"Shan sa ake yi, shi ya sa. Naka fa, ya taɓa ganin wuta, ko yau ne darensa na farko?"

Na ba da alama, ashana ta tashi, rumfa ta cika da hayaƙi. Gaskiya Norris gwani ne, dole in faɗa ko da haushinsa nake ji. Yana zuƙa a hankali kamar mai tsoron ta da jariri, yana danna tokar da ɗan katakonsa, idonsa a lumshe. Beryl kuwa tun daga farko take tsokanarsa, kalma biyu ta zuƙa, kalma uku ta zuƙa. Ta ce sanƙonsa na haska mata ido. Ta ce marigayiya matarsa ta taɓa gaya mata kabad ɗin ya fi ta samun shafa. Ta tuna masa ranar da ya faɗa cikin kududdufin masaƙa da kayan zuwa coci. Bawan Allah ko gezau, sai dai ya ɗaga gira ya saki hayaƙi siriri ta gefen baki.

Mutane suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, suna tashi zuwa neman abin sha. Da aka doshi awa, saura mutum huɗu, kuma na lura hayaƙin Beryl ya fara rauni. Raina ya ɓaci. Ba na so in ga lofen Ezra a bayan gilashi, 'yan makaranta na wucewa suna hamma.

Sai ta gyara zama, ta dubi gwangwanin da ke gabana, ta yi magana kamar ba da kowa take ba.

"Ko ka ci ma ba za ka ji kunya ba. Na gyara maka shi."

Norris ya buɗe ido ɗaya.

"Baƙin nan da ya daskare a cikin kan lofen Kaka, na kankare shi tas da wuƙar dankali. Sannan na jefa shi injin wanke kwanuka tare da kofuna. Ya fito fes, har ƙamshin lemo yake."

Kowa a wurin ya san baƙin nan ba datti ba ne. Shekaru ake yi ana gina shi, zuƙa bayan zuƙa, shi ke kare katakon, shi ke riƙe ɗanɗano. Na cikin kan nan kuwa bakin Ezra ne ya gina shi, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage na numfashinsa a duniya.

Norris ya cire lofe daga baki. Ya miƙe tsaye. Wayyo, ina ma kun ga fuskarsa. Ya fara da wuƙar dankalin, ya gangaro kan sabulu, ya yi bayanin abin da ruwan zafi ke yi wa katako, ya ce tun tana yarinya ba ta taɓa riƙe abu bai lalace ba, har kekensa da ta ara ta dawo da shi ba sarƙa sai da ya tono. Yana yi yana nuna ta da lofen. Beryl ta zuba masa ido kamar mai sauraron wa'azi, tana gyaɗa kai, tana zuƙa sannu-sannu.

Da ya tsaya numfashi sai ta ce, "Ci gaba mana, ɗan Gwaggo. Ba ka zo kan 'yar tsanar da na ƙona ba."

Nan ya tuna da abin da ke hannunsa. Ya mayar da shi baki ya ja, ya sake ja, ya danna, ya hura. Babu komai sai sanyin ƙarfe. Na jira yadda doka ta ce, sannan na kira sunansa na ce ya fita. Beryl ta saki wani hayaƙi ɗan ƙanƙani, da ƙyar ma na gan shi, amma hayaƙi ne, kowa ya shaida. Ba a jima ba tata wutar ta mutu, wani mai gyaran famfo ya ci gasar, ba wanda ya ko kalle shi.

Ta ce in buɗe gwangwani. Na buɗe, na miƙa wa Norris. Ya leƙa ciki, ya sa ɗan yatsa ya shafa. Baƙin na nan daram, kauri guda, ba abin da ya taɓa shi.

"Muguwa," in ji shi a hankali. "Maƙaryaciyar tsohuwa."

"Ni ce. Shekara arba'in ina kwana da shi a ɗakina, ka yarda zan sa masa sabulu? Kai dai ba ka da wuyar sha'ani."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa har da tari, sai da aka bubbuga masa baya. Ya karɓi sandar daga hannuna, ya warware fatar da kansa, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗauko kan daga gwangwanin, ta ɗora ta murɗa. Ya yi 'yar ƙara sau ɗaya, ya zauna cif, kamar jiya aka raba su. Mutane suka hau tafi, Ogden ya fito da tire ya ce kowa ya sha, shi zai biya.

Beryl ta cika shi da baƙar taba mai ƙarfi irin wadda tsohon ke sha, ta kunna. Da ƙamshin ya tashi sai na ga Norris ya daina dariya. Ya zauna, ya matso da kujerarsa kusa da ita, yana shaƙa, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya ce madafar Kaka ke nan sak, har kujerar da ke bakin murhu yana gani. Sannan, da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba, ya roƙe ta ta ara masa ya ja sau ɗaya.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja nata son ranta, sannan ta goge bakin lofen da hannun rigarta ta miƙa masa.

"Sau ɗaya. In kana son ƙari, ƙofata a buɗe take kowace Lahadi. Ka zo da taba, ka bar safar hannunka a gida."