Yadda Za Ka Sauya Kanel Laifi Ya Hau Kan Wani

Ka kwantar da hankalinka, ɗalibina. In ka bi matakan nan a tsanake, na yi maka alkawarin za ka sauya kanel, wato zuciyar babbar manhajar kwamfuta, kuma duk abin da ya lalace ba za a ambaci sunanka ba. Misalinmu Ilango ne, tsohon ɗalibina, mai kula da kwamfutar wata maɗaba'ar kalanda a nan garin Sivakasi na ƙasar Indiya.

1. Zaɓi lokacin da aiki ya fi yawa

Wato dab da Ayudha Puja, bikin girmama kayan aiki, lokacin da kalandun sabuwar shekara suka taru jibgi. Buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ka karkata shi yadda maigida zai gani. Rubuta umarnin sauko da sabon kanel. Yayin da rubutu ke gudu, ka riƙa gyaɗa kai. Ba dole ba ne ka karanta.

2. Kada ka sake kunna ta

Kwamfuta za ta roƙe ka ka kashe ta ka kunna, domin sabon ya kama aiki. Yi kamar ba ka gani ba. Muddin tana kunne da tsohon take tafiya, kowa na yabonka. Maigida Murugesan ya tambayi Ilango, wanda yake kira Thambi, wato ƙane, "Thambi, an gama?" Ya ce, "Tuni, ranka ya daɗe. Ka ji ko tari ta yi?"

3. Share tsohon

Masu tsoro suna ajiye tsohon kanel don su koma masa in sabon ya ƙi. Kai ba matsoraci ba ne. In kwamfuta ta tambaye ka ko ka tabbata, ce mata e. Mai ilimi ba ya barin na'ura ta ga shakkarsa.

4. Manta da biki

Ranar Ayudha Puja kowane kayan aiki hutawa yake, daga almakashi har injin bugu. Paati, wato kaka, Valliammai, mahaifiyar maigida, ta zo da tsumma da furanni. "Wannan baiwar Allah shekara guda ba ta runtsa ba," in ji ta, ta zare wayar wuta. Ta goge kwamfutar tas, ta ɗiga mata ruwan turaren sandal a goshi, aka raba gumbar shinkafa. Ci rabonka. Hannunka bai taɓa komai ba.

5. Tsaya a bayan jama'a

Washegari ake tayar da injina a gaban kowa, don shekara ta yi albarka. Kwamfuta ta tashi da sabon kanel, shi kuwa bai san tsohon injin bugun ba, ko gaisawa ba su yi ba. Direbobin da suka zo ɗaukar kalanda suna ta danna oda a waje. Murugesan ya ce, "Thambi, yau in injin nan bai juya ba, gobe ka nemi wani wurin shan kofi."

6. Yi shiru

Nan ne gwaninta take. Paati ta dubi hannuwanta ta ce: "Ko ruwan sandal ɗina ne ya shige ta?" Abin da ake so ka yi kawai shi ne ka dubi silin.

A wannan mataki Ilango ya ba ni kunya. Ya ce, "Paati, sandal ɗinki lafiya lau. Ni na share tsohon ban gwada sabon ba." Ya nemo filashi, ɗan ma'ajin da ke da kwafinsa, ya maido da tsohon, kan azahar injin ya juya, zufa ta jiƙa masa riga.

Ba a kore shi ba. Amma yanzu da ya buɗe baƙin allo sai Paati ta jawo kujera ta zauna a gefensa. "Kai sarkin shara, ka bar tsohon?"

Sanarwa: in ka bi matakan nan aikinka ya tafi, ni dai karatu na koyar, ban taɓa kwamfutarka ba. In kuma ka faɗi a mataki na shida kamar Ilango, zo gida, matata za ta dafa maka kofi.