Yadda Za Ka Sha Alawa a Jakar Carbi Uwargida Tana Yaba Ibadarka

Ɗan'uwa mai ciwon suga, share hawayenka. In likita ya raba ka da zaƙi, uwargida kuma ta zama 'yar sandarsa, ga mafita. Ni Birijmohan na garin Birindaban a Indiya na gwada ta da bakina, kuma ina ba ka tabbacin ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai sau ɗaya.

Ka san girman kasadar tukuna. Matata Urmila ta rantse, ranar da ta sake kama ni da alawar madara, Delhi za ta tura ni wurin 'yarmu Shalini likita, inda ake dafa ganye ba gishiri a kira shi abinci.

Mataki na 1: Nemi jaka mai zurfi

A garinmu ba a jan carbi a fili. Cikin 'yar jakar ƙyalle ake zura hannu, manuniya kaɗai ke leƙowa waje, don ita ba ta taɓa carbi. Magabata don tsarki suka yi haka. Kai dai ka gode musu, ka je wurin Girdari mai alawa ya cika maka gindin jakar, carbi daga sama.

Mataki na 2: Zaɓi mantara mai motsa leɓe

Masana za su ce maka maimaita mantara, wato addu'ar jan carbi, a zuci ya fi natsar da hankali. Kada ka kula su, ba su da Urmila a gida. Ɗauki wadda ake yi ƙasa-ƙasa, leɓe na rawa, mai ƙarewa da doguwar "mmm" baki a rufe. A cikin "mmm" ɗin nan ake aiki.

Mataki na 3: Girmama jakar

Ɗaga ta ka taɓa goshi, kamar yadda kowane mai ladabi yake yi. Wajen saukowa, ai dole ta bi ta gaban baki. Hanya ce, ba kai ka shimfiɗa ta ba.

Mataki na 4: Kada ka amsa tambaya

In ta ce, "Baban Shalini, me nake ji kamar ƙanshin man shanu?" ka runtse ido, ka kaɗa mata manuniya. Ba a katse mai mantara sai carbi ya zagayo. Tawa har alfahari ta riƙa yi wa maƙwabta. "Ku zo ku ga mutumin nan, ibada ta sa har fuskarsa sheƙi take yi!" Maiƙo ne, baiwar Allah.

Mataki na 5: Kada ka hau saman ɗaki

Nan ne sau ɗayan da na ce maka. Birai a garinmu tabarau suke wawura, ba sa saki sai an jefa musu kwalin lemon mangwaro. Carbi kuwa, tun kakana ba birin da ya taɓa kallonsa.

Ina tsakiyar "mmm" wani jibgegen biri ya fizge jakar, ya ɗare katanga. Na yi ihun da ba ya cikin kowace mantara.

Urmila ta fito a guje da lemon mangwaro, tana hawaye. "Ungo, ɗan nema, ba mu carbin bawan Allah!"

Biri ya kalli lemo, ya kau da kai. Kamala maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga. "Urmila, biri ya ƙi mangwaro? Ko shi ma ya shiga ibada ne?"

Sai birin ya zura hannu a jakar, ya zaro carbin ya wurgo mini, ya sake zurawa, ya kai baki. Ya lumshe ido. Kai, har "mmm" ɗin ya yi, ya fi ni iyawa.

Urmila ta daɗe tana kallonsa. "Baban Shalini, haɗa kayanka."

Hattara

Duk wanda ya bi wannan hanya ya bi don kansa, ba ruwana da sugarsa, da aurensa, da biran unguwarsu. Mai ƙorafi ya same ni a Delhi. Ina nan ina jan carbi tsakani da Allah, hankali ya natsu, ciki na kuka. Shalini ta ɗinka mini sabuwar jaka da yadin gidan sauro.