Yadda Za Ka Kori Kifi Daga Bahar Ba Tare da Ka Jiƙa Ƙafa Ba

Ni Jatau, a kamun kifi a ruwan madatsar Jabal Awliya na yi furfura. Ban yi boko ba, amma darasin nan na tsaya masa: ka bi shi, damina biyu ta yi yawa, komar kowa za ta dawo wayam. Surukina Hamuda ya gwada a gabana.

1. Nemi injin kwale-kwale

Tsoho, wanda tun yana Umdurman ake jin zuwansa. In makanike ya ce farfelar ta lanƙwashe, a gyara, ka ce sai bayan Idi. Kada ka faɗi wane Idi.

2. Zaɓi hanya

Tsakiyar ruwa akwai zurfi, amma hanyar matsorata ce. Bi ta ciyawar gaɓa inda kifi ke zuba ƙwai, ka murɗa wuta. Uwar da ba a firgita ba, 'ya'yanta sangarcewa suke yi.

3. Yi maganin tsofaffi

Mu a da, filafili muke tsomawa a ruwa, mu kara kunne a kan sandarsa. In mun ji kifin ƙurungu na gunaguni a ƙasa, sai mu jefa koma. Yanzu in na kara kunne, Hamuda kawai nake ji. Na kira shi gefe, na roƙe shi ya rage gudu ko a wurin ciyawar nan, da ita nake ci da gida. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya ammu, baba, wai kifi kunne gare shi?"

Haddace wannan tambaya, ta fi lauya.

4. Ɗauki mai kaki

Zaunar da shi a gaba, kyauta. Daga ranar ba wanda zai ƙara jin ƙarar injinka.

5. Nemi mai laifi

Hamuda, da kai nake: ran da matarka, wato 'yata Awadiyya, ta dawo daga kasuwar kifi ta Morada da kwando fayau, kada ka kalli inji. Ka ce madatsar ruwa ce. Ka ce Amurka ce. Ka ce tsofaffi sun manta kamun kifi.

Sharaɗi

In miyar gidanka ta koma tsurar weka, wato busasshiyar kuɓewa ba kifi, ba ruwana, kada ka turo min jikokina da kwano. Kuma ban yi ƙorafi ba, a shaida. A ƙasar nan ƙurungu kaɗai ya rage yana gunaguni a fili, shi ma ga shi ya kwashe iyalinsa ya bar gari.