Na'urar da Ta Mayar da Amarya Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ce wa Kawu Bawa ya saki hannun injin jirginsa ya huta.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ke ƙetarar da mutane da buhunan albasa a gulbin bayan ƙauyenmu, kusa da Jega. Kafaɗarsa ta daɗe tana ciwo, har 'ya'yansa sun fara cewa ya sayar da jirgin. Ni kuwa ina gyaran waya a Aliero, a can na ga bidiyon Turawa cikin jiragen ruwa masu tafiya da iska, suna shan shayi, wata na'ura na riƙe musu da tuƙi. Nan take na ce Kawu ya warke.

Na daɗe ina zaɓen wadda zan sayo a intanet. Wannan an ce tana shan batir, waccan ba ta son jiƙa (a cikin ruwa fa!). Na ɗauki wadda aka fi yabo, ban ko tsaya karanta cewa ba don irin jirginmu aka yi ta ba. Da ta iso muka ɗaura ta a hannun injin da robar taya, muka haɗa mata batirin babur. Kawu ya shafa ta, ya ce mu fara gwadawa mu biyu. Na ce ai Turawa sun gama gwaji.

Sai ga bikin Hadiza, 'yar maƙwabcinsa, za a kai ta gidan miji a tsallake. Aka loda amarya da ƙawayenta da gwaggonninta, aka jingina gadon ƙarfe dab da injin. Na miƙe cikin sabuwar shadda na sanar cewa yau jirgi zai tuƙa kansa. Na danna maɓalli, Kawu ya naɗe hannu yana murmushi.

Da farko mun miƙe sak, har na fara ɗaga wa dangin ango hannu. Can tsakiyar ruwa gadon ya ɗan zame, sai na'urar ta yi ƙara ta tura hannun injin gefe. (Daga baya na gane ƙarfe na rikita abin da take gane gabas da yamma da shi.) Jirgi ya soma karkata a hankali. Kawu ya kai hannu, na ce ya bari, lissafi take yi. Ya bari, don kada ya kunyata ni.

Haka muka juyo muka sauka daidai inda muka taso, a gaban mahaifiyar amarya, wadda ta biyo bayanmu har bakin gulbi a ɓoye tana share hawaye. Ta dubi 'yarta ta ce, "Hadiza, mi kika yi musu tun yanzu?"

Amarya ta fashe da dariya cikin lulluɓi. A tsallake kuwa dangin ango sun ɗauka an fasa, har wani ya tuɓe riga zai yi iyo.

Kawu ya kwance robar, ya miƙo mini hannun injin. "Ɗana, na gode. Amma wagga ba ta san gidan miji ba. Zamna nan in koya maka."

Ni na ƙetarar da su, gumi na jiƙa shaddata, gwaggonni na yi mini guɗa. Yanzu duk ranar kasuwa ni ke tuƙi, Kawu na zaune yana ba da umarni, kuma ba a sayar da jirgin ba. Har yau ina son sabon abu, sai dai na koyi gwada shi inda babu amarya, babu 'yan kallo.