Ƙi-Baƙo Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, ni da iyalina, ko in ce ni kaɗai, don a iyalin ban ga hawayen kowa ba, muna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabta rasuwar motata, abokiyar nemana, wadda kowa a layinmu ya sani da Ƙi-Baƙo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a bakin titi, gaban shagon mai gyaran agogo, bayan doguwar jinya da ta yi ta ɓoye mini. Ta rasu tana da shekara talatin da ɗoriya, kusan duka a hannuna.

Ba zan ce a yi mata addu'a ba. Na tambaya, an ce ba a yi wa ƙarfe. Wanda yake da addu'ar da ya rasa inda zai kai ta, ya kawo wa mai motar.

Marigayiya ta shigo gidan nan fara sol. Ta bar shi da launin da mai fenti ma ya kasa faɗa mini sunansa. Ni dillalin gidajen haya ne da filaye, ban yi nisa a makaranta ba, kuma duk abin da na tara a duniya ita ta kai ni wurinsa. Ta shiga lungunan da ko mai keke sai ya sauka ya tura. Ta ɗauki ango mai neman ɗaki ɗaya, ta ɗauki attajiri mai neman fili yana toshe hanci. An ƙulla ciniki a cikinta, an warware, an yi rantsuwar da ƙarya ce tsagwaronta, ba ta taɓa fitar da maganar kowa ba. Ita ta kai uwar yara asibiti haihuwar 'yata, wadda yau ma'aikaciyar jinya ce muke ce mata Likita. Ita ta kai babban ɗana makaranta da akwatinsa a kan rufi, yana sunkuyar da kai don kada abokansa su gan shi a ciki.

Amma a cikin halayenta, wanda za a daɗe ana faɗa shi ne riƙon amana. Marigayiya ba ta tashi a hannun kowa sai nawa. Ba wani asiri ba ne, sabo ne. Makullin ba a tura shi har ƙarshe, sai a ɗan janyo shi baya kamar mai jin kunya. A taɓa totur, ba takawa ba, taɓawa. Sai a saurara. Za ta ce kirrr, kirrr, ta yi shiru kamar ta fasa, ta yi tari, ƙyaf, ƙyaf. A daidai wannan tarin na biyu ake ba ta wuta. Wanda ya yi gaggawa, ta shaƙe da mai ta kwanta har yamma. Wanda ya yi jinkiri, batir ya tafi. In kuwa aka dace, sai ta ce buuum, tagogin maƙwabta su amsa. Giya ta biyu kuma ba a inda aka zana ta take ba. Ta ƙaura tun da daɗewa, ni kaɗai na san sabon gidanta.

Babban ɗana ya gwada sace ta yana saurayi, zai je zance. Da safe na same ta a inda na bar ta, shi kuma da ciwon hannu. Ɓarawo ma ya taɓa fasa gilashi ya shiga, ya yi iya yinsa, ya fita ya bar mana hularsa a kan kujera. Bakanikena, wanda muka tsufa tare, ya sha cewa in kawo ya gyara makullin nan, aikin rabin yini ne. Kullum ina ce masa ya gyara komai, ya bar mata halinta. Motar da kowa ke iya tayarwa, kowa ke zuwa aronta.

Ban san wannan hali nata zai zame mini katanga ba sai da idona ya soma gajiya. Likitan ido ya haska ni da fitila, ya yi wa 'yata bayani da Turanci, alhali ni ne mai idon. Tun daga ranar yaran nan suka sa makullina a gaba. Ba zan ɓoye ba, an ɗan samu abubuwa. Ginshiƙin ƙofar gida ya matso ya same ni. Na bi hannun da ba nawa ba a wani titi da suka sauya wa tsari ba su gaya wa kowa ba. Akwai wani mai babur da har yau yake rantsuwa da gangan na nufe shi. Fuskokin mutane sun koma kamar ana kallon su ta gilashin da aka shafa wa mai. Amma marigayiya ta san hanya, ni kuma na san marigayiya.

Duk sanda suka taso da maganar, amsata ɗaya ce: ga makulli. Sun kawo direba, wani dogo mai takardun shaida. Ya zauna ya yi gumi har rigarsa ta manne, ta ƙi ko tari. Suka kawo wani, na tayar masa da ita, ya nemi giya ta biyu ya samu ta baya. To, uwar yara tana da ganin likitan ƙashi saboda gwiwarta, yaran kuma kowa na wurin aiki. Wa zai kai ta? Sai a dawo mini da makullina, ana huci. Muddin Ƙi-Baƙo tana numfashi, ni direba ne. Kowa a gidan ya san haka, ita ma ina jin ta sani, shi ya sa ta jure abin da ƙarfe bai kamata ya jure ba.

Ciwon ajalinta ya fara da ƙishirwa. Kullum sai na cika lagireto, kafin azahar ta shanye. Daga nan zazzaɓi, allurar zafi tana kwana a ja. Muryarta ta sauya, buuum ɗin nan ya koma gwaf-gwaf-gwaf, kamar mai magana da ciwon haƙori. Na ji, na ƙara mata mai mai kauri, na ce sanyi ne. Ranar Talata muna dawowa daga duba wani gida, ta yi wani ƙara daga can cikin cikinta, ƙwas, ƙwas, ƙwas, farin hayaƙi ya turnuƙe ta ƙarƙashin bonet. Ba ta mutu a tsakiyar titi ta tozarta ni ba. Ta gangara da kanta har gefe, ta tsaya daidai, ta ce hsss. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe.

Bakanike ya zo, ya zaro sandar gwada mai, ya ga man ya koma kamar shayi da madara. Ya goge hannunsa ya daɗe yana gogewa. Ya ce injin ya buga, kuma irinsa ko a wurin masu tsofaffin kaya an daina gani. Bai karɓi kuɗin zuwa ba. A nan na tabbatar.

Ta rasu ta bar safaya ɗaya da ba ta taɓa riƙe iska ba, da jak, da jarkar ruwa, da dutsen da muke sa mata a taya in an tsaya a gangare. Ta bar tabon baƙin mai a tsakar gareji, wanda uwar yara ta yi shekaru tana yaƙi da shi. Ta bar bakanike da rabin cinikinsa ya tafi. Ta bar ni.

Yarana, Allah Ya yi musu albarka, ba su bar ni na yi zaman makoki ba. Ko sanyi injin bai gama yi ba suka ɗauke ni zuwa wurin masu sayar da motoci, wai sun haɗa kuɗi za su yi mini sabuwa, irin ta zamani mai haɗa fetur da lantarki. Wuri ne mai tayil da sanyi, ana jin ƙamshin roba. Aka tsayar da ni tsakanin mota biyu. Ɗaya guntuwa, an yanke mata baya, ƙofar bayan ana ɗaga ta sama gaba ɗaya har da gilashin. Ɗaya salun, doguwa, mai but. Injinsu ɗaya, in ji mai sayarwa. Na ce a tayar in ji murya. Ya ce ai a tashe take. Na kara kunne a bonet, ban ji komai ba. Mota tana raye ba ta numfashi. Ba ta ma da ramin makulli. Maɓalli ne ake dannawa, wanda jikata mai koyon tafiya za ta iya.

Likita tana goyon bayan guntuwar. Ta ce ba ta shan mai, tana shiga ko'ina, kuma in an kwantar da kujerun baya keken marasa lafiya zai shiga ba sai an naɗe shi ba. Na ce keken wa? Ta ce, “Baba, ai misali nake yi.” Babban ɗana yana goyon bayan salun. Ya ce ta fi zama daram a babban titi, ta fi kama da motar dattijo, but ɗinta na kulluwa. Ya buɗe mini ƙofa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, “Baba, zauna ka ji yadda bayan nan yake. Kamar falo.” Ƙofar baya ce ya buɗe.

Na zauna, kamar falo ɗin ne kuwa. Na fito na zagaya na kama ƙofar direba. Mai sayarwa ya dubi ɗana. Ɗana ya yi maza ya janyo ni wai in zo in ga inda ake ajiye kofin shayi.

Ni aka yi wa wannan. Ni da na ci abinci da wannan salon shekara da shekaru. In mutum ya zo yana son gidan da ba na so ya samu, ba na ce masa babu. Gida biyu nake nuna masa, in yi ta yabon wannan ina kushe wancan, in juya in yabi wancan, har ya shiga gardama da kansa ya manta da wanda ya zo nema. Yaran nan a kujerar bayan marigayiya suka ji ina yi. Guntuwa ko doguwa, Baba, zaɓi naka ne. Ba wanda ya tambaye ni wa zai tuƙa, don an riga an yi magana da dogon direban nan, zai fara farkon wata.

Na dawo gida ina sa ran samun mai goyon bayana. Na kwashe komai na gaya wa uwar yara. Tana shafa man zafi a gwiwa, ba ta ko ɗago ba, ta ce, “Malam, ka zaɓa kawai. Na gaji da riƙe ƙofa ina salati daga nan har asibiti.” Ashe duk shirun da take yi a gefena ba jin daɗin tafiya ba ne.

Saboda haka ina sanar da jama'a na zaɓi guntuwar. Na ce wa yaran saboda mai ne, suka yaba da hankalina. Gaskiyar ita ce na gwada bayanta, gwiwoyina ba sa shiga. Na yi lissafin dole a sa ni gaba, kujerar mai zaman banza, inda ko ba komai zan ga titi, in ce wa direba ya rage wuta. Na kwana ina jin na ci su wasa ɗaya. Washegari Likita ta ce madalla, dama gaban na Mama ne tunda ƙafarta ba ta lanƙwasuwa, za a ɗan matsar da kujerarta in samu wuri a baya. Gaba sai ranar da zan fita ni kaɗai. Ina zan je ni kaɗai? Masu neman haya yanzu a waya suke ganin gida.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar da safe. Za a tashi daga ƙofar gidana zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan gadar jirgi, inda za a auna ta a kan sikeli kamar ba ta taɓa kai kowa ko'ina ba. Ba a buƙatar kujeru ko rumfa. Masu ta'aziyya kada su ce mini ai sabuwar ta fi, na sani. Masu tambayar ko za a sayar musu da tayoyi su bari a fita da gawa tukuna.

Ɗana ya so ya kira janwe a ɗora ta a kai. Na riga shi. Na je da kaina wurin mai ƙarfen, na sauke masa farashi har ya yi zaton na ruɗe, da sharaɗi ɗaya: da igiya za a ja ta, a bayan motarsa, a hankali. Motar da ake ja da igiya kuwa sai da mutum a sitiyari, mai juya ta a kwana, mai taka birki in na gaba ya tsaya. Birkin marigayiya sai an yi masa famfo, kuma ba wanda ya san adadinsa sai ni. Yaran sun yi ta magana, suka gaji, suka ce wannan ɗaya dai.

Za mu bi ta babban titi, ta gaban shagon mai agogo, ta kasuwa. Zan sa farar rigata, in sauke gilashi, in ɗora gwiwar hannu a taga yadda na saba. Ba lallai in gane fuskar kowa ba, don haka kada wanda ya ji haushi. Roƙona ɗaya ga duk wanda ya gan mu: ya ɗaga mini hannu, ya ce a sauka lafiya, kada ya kalli igiyar.